Fitar da ƙaramar sana'a zuwa intanet daga karkarar Kano da Jigawa: me ake buƙata, wanne ne a gaba?

Wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko karar shanu ta Wudil ranar Juma'a, ya san baƙo ba ya ƙirga kuɗin bijimi ya miƙa wa mutumin da bai taɓa gani ba. Akwai dillali a tsakani. Shi ya san mai dabbar, ya san garinsu, kuma idan rigima ta taso bayan an rabu, shi za a nema. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan tsayawar ce. A Dawanau ma haka ne, ɗan kasuwar da ya zo daga Nijar ko daga kudu yana da maigidan da yake sauka wurinsa, shi ke tsaya masa.

Ciniki ta intanet ciniki ne da babu wannan mutumin a cikinsa. Mace tana zaune a Fatakwal, ta ga hoton bandar kifi daga Haɗeja a wayarta, ba ta san mai kayan ba, ba ta san wanda ya san shi ba, kuma ana so ta tura kuɗi tun kaya ba su bar tasha ba. Duk hidimomin da ake jera wa mai ƙaramar sana'a in zai fito a intanet, daga rajistar suna zuwa asusun banki zuwa hoton kaya, aikin dillalin nan suke rabawa a tsakaninsu. Da haka ya kamata a auna kowace: wace natsuwa take ƙara wa mai saye, kuma nawa take ci?

In aka auna da wannan, jerin sai ya juye. Samarin da ke wannan aiki a birni, da masu kafe a hedikwatar ƙananan hukumomi, sun fi son fara magana da gina websayit da zana tambari, don a nan ribarsu take. Sana'arsu ke nan, ba a ga laifinsu ba. Amma ga mai shinkafa a Kura, ko mai riɗi da zoɓo a yankin Gumel, ko matar da ke ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a wani ƙauyen Ringim, websayit ne na ƙarshe, in ma tafiyar ta kai can.

Na farko layin waya ne, kuma a nan aka fi yin sakaci. Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. A karkara mutane da yawa sun bi hanya mafi sauƙi: layin da suke ciniki da shi an yi masa rajista da sunan ɗa, ko ƙane, ko miji, ko ma yaron da ke shagon caji. Alhali komai a jikin layin nan yake rataye. Da shi aka buɗe WhatsApp, da shi aka buɗe Facebook, ta nan alat ɗin banki ke shigowa, ta nan ake turo lambobin tantancewa. Ranar da aka zare wayar daga aljihu a cunkoson Gujungu, wanda NIN ɗinsa ke kan layin shi kaɗai zai iya zuwa ofishin kamfanin ya yi walkam bak, wato a dawo masa da layin a sabon sim. In yana Legas yana ci-rani, ciniki ya tsaya sai ya dawo. In an ɓata da shi, sai yadda hali ya yi. Matan aure masu sana'a a cikin gida su ya fi kamata su kula da wannan, domin aure rai gare shi, kuma kwastomomin da mace ta shekara biyar tana tarawa suna iya zama a layin da ba nata ba. Haka kuma layin da aka ajiye watanni ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe ya sayar wa wani.

Satar WhatsApp kuwa ba ta buƙatar a taɓa wayarka. Wani zai kira da murya mai daɗi, ya ce daga ƙungiyar manoma yake ko za a saka ka a rukunin masu samun tallafi, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa. Kana karantowa, ya tafi da asusunka. Abin da ke biyo baya ya fi satar ciwo: zai bi kwastomominka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, ya ba su wata lambar asusu. Maganin wannan kyauta ne, kunna tantancewa mai mataki biyu a cikin manhajar, wato lambar sirri da kai ka zaɓa. Bai kai minti biyar ba, amma yawancin masu buɗe wa mutane shafi ba sa ko ambatonsa.

Layin wane kamfani za a riƙe? Wanda ke da sabis a garinku, ba wanda ya fi talla ba. Akwai ƙauyen da MTN ne kaɗai ke ɗaukar bidiyo, akwai wanda sai Airtel, akwai wanda sai an fita bakin titi. Mai hankali yakan riƙe layi na biyu don data kawai. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, kuɗin data ya zama abin da za a saka a lissafin jari kamar kuɗin leda da na mota. Wuta kuma, wanda ke ƙarƙashin KEDCO a karkara ya san halin da ake ciki, ƙaramin faifan sola da fawa bank sun fi wa mai sana'a amfani da sabuwar waya mai tsada. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a farkon 2023 kuma yana aiki inda babu turken sabis, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙuli-ƙuli, sai ko ƙungiya ta haɗa hannu.

Daga layi sai inda kuɗi za su sauka. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya koya wa kasuwannin ƙauye tiransifa da ƙarfin tsiya. Yau OPay da Moniepoint da PalmPay sun shiga inda banki bai taɓa buɗe reshe ba. Amma a lura da wani abu: duk wanda zai tura maka kuɗi, da ya shigar da lambar asusu, suna zai fito masa. A wannan daƙiƙar ake yanke shawara. In shafinka yana ɗauke da sunan sana'a, wanda ke magana da shi ya ce sunansa kaza, sannan asusu ya nuna sunan wani mutum na uku, to ko ni ne sai na janye hannu. Wannan kuwa shi ne abin da ke faruwa ga masu ba da lambar mai POS na bakin kasuwa. Ga cajin da mai POS zai cire, ga kuma ranar da za a yi musu a kan ko kuɗi sun shigo.

Ƙaramin asusu na matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti kaɗan, yana da iyaka, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Mai sayar da turaren wuta ba zai ji komai ba. Mai buhunan shinkafa kuwa, oda guda za ta wuce wannan, kuɗi su maƙale a hanya, mai saye yana can yana zargin an cuce shi. Ɗaga asusun zuwa mataki na gaba yana buƙatar BVN da NIN da shaidar wurin zama, kuma gara a yi shi tun kafin kaka. Sai alat na bogi. Saƙon tes ko hoton rasit da aka turo maka ba shaidar biya ba ne, ana ƙirƙirar su. Shaida ita ce ka buɗe manhajar ka ga kuɗinka sun ƙaru. Kada kunyar Alhaji ta sa a ɗora kaya a mota kafin a duba.

Asusu mai sunan sana'a kuwa ba ya samuwa sai da rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista. Nau'in da ya dace da mutum ɗaya shi ne rajistar sunan kasuwanci, ba kamfani mai hannun jari ba, wanda ya fi tsada ya kuma fi ɗawainiya. Ana yin ta ta intanet: a nemi suna, in babu mai shi a kama, a cike bayanai da NIN, a biya, takarda ta fito. Masu POS sun san hanyar, tun da aka tilasta musu yin rajistar a 2024. Amfaninta ga mai saye shi ne yana iya shiga shafin hukumar ya bincika sunan ya ga da gaske akwai shi. Abin da masu yi wa mutane rajista ba sa faɗa shi ne akwai bayanin shekara-shekara da ake shigarwa, in aka bari tara na taruwa. Ra'ayina shi ne, wadda kwastomominta ba su wuce garinsu da ƙauyukan kewaye ba kada ta yi gaggawar wannan. Ranar da baƙi daga Abuja ko Ibadan suka fara tambaya, lokacin ya yi. Mai ƙulla abinci a leda ko roba da tambari kuma, irin su yaji, garin kunu ko man gyaɗa, zai ci karo da tambayar lambar NAFDAC da zarar ya nufi manyan kantuna. Wannan wata rajista ce daban, CAC ba ta wadatar da ita.

Yanzu aka zo wurin baje kaya. Ga mafi yawan sana'o'in karkara, WhatsApp Business ya isa a fara, kuma kyauta ne. Ya fito a 2018, aka ƙara masa kundin kaya a 2019, inda za ka jera hoto da farashi da bayani, mai saye ya duba ba sai ya tambaye ka ɗaya-ɗaya ba. Akwai saƙon da ke amsawa da kansa in ba ka kusa, abin da ke da amfani ga wanda sabis ke ɗauke masa rabin yini. Akwai alamun rarrabe wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Babbar falalarsa a wurinmu ita ce saƙon murya: wanda bai yi boko ba yana ciniki da bakinsa kamar yadda ya saba. Matan da a da sai sun ɗora wa yarinya talla, yanzu sitatus ke yi musu, yarinyar ta tafi makaranta.

Sai dai WhatsApp ba ya kawo baƙo. Sitatus ɗinka wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa shi ke gani, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Neman sabuwar fuska aikin Facebook da TikTok ne, Instagram kuma ga masu kayan kwalliya da ɗinki da ke neman matan birni. A Facebook a buɗe shafin sana'a daban da na kai, kuma mai sana'ar ya zama shi ne babban mai iko da shafin, yaron da ke taya shi ya zama mataimaki. Kowane dandali da dokokinsa. Sashen Marketplace na Facebook, misali, bai yarda a saka dabba mai rai ba, abin da masu ragunan layya kan gano bayan an goge musu talla. Masu maganin gargajiya da ke alƙawarin warkar da kowace cuta su ma shafinsu bai cika daɗewa ba.

Kuma duk waɗannan dandali na wasu ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. A Satumban 2021 an katse sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Littafi na takarda mai sunayen kwastomomi da lambobinsu da garuruwansu ba tsohon yayi ba ne.

Hoto fa? Ba sai an ɗauko mai kyamara ba. Hasken safe a inuwa, tsaftataccen faranti ko tabarma, da goge idon kyamarar waya da gefen riga, sun gama rabin aikin. Abin da ya fi kyawun hoto muhimmanci shi ne gaskiya. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban ido bisa siffantawa, da sharaɗin in ya zo ya dace da siffar, in ya saɓa mai saye yana da zaɓi. Hoto shi ne siffar yau. Ɗauko hoton shinkafar wani daga intanet a saka a matsayin taka algus ne, kuma mai saye na nesa ba ya dawowa ya yi ƙorafi, ɗaukar hoton abin da ya samu yake yi ya yaɗa. Ɗan gajeren bidiyo da ke nuna hannunka cikin buhu, da awo a kan sikeli, da fuskarka, ya fi tambari mai launi bakwai. Awo ma a fayyace shi. Tiya da mudu da kwano sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, mutumin Legas kuwa kilo ya sani. A rubuta farashi a fili. Al'adar nan ta “shigo inbos” ga duk mai tambayar farashi tana korar mutane fiye da yadda ake zato. Bayanin kuma a yi shi da Hausa da ɗan Turanci, ko da ɗan makarantar gida ne zai rubuta.

Saka wuri a taswirar Google kyauta ne, ta hanyar Google Business Profile. Ya fi amfani ga wanda ake zuwa wurinsa: injin casar shinkafa, mai walda, shagon maganin feshi, mai gyaran famfon ban-ruwa. Ƙauyukanmu ba su da lambar gida da sunan titi, amma ana iya dasa alama daidai wurin a taswira. Google kan nemi shaida, sau da yawa bidiyon da ke nuna allon shago da kayan aiki, don haka allo ko da na fenti ne a bango yana da rana. Matar da ke sana'a a gidan aure tana iya ɓoye adireshin, ta nuna yankin da take kai kaya kawai.

Akwai hidimar da ba ta cikin waya sam, kuma ita ce ke kashe cinikin karkara: kai kaya. Kamfanoni irin su GIG Logistics suna manyan birane, ofisoshin NIPOST na ƙananan garuruwa kuma kaɗan ne ke dogaro da su don kayan ciniki. Abin da ke aiki shi ne tasha. A ba direban da aka sani, ya kai Kano, daga nan a sake lodi zuwa motar kudu. Kowane sauyin hannu ƙofar ɓata ce. Masu nasara a wannan harka suna da direba ɗaya ko biyu da suke hulɗa da su kullum, suna bi ta hannun 'yan yuniyan don a rubuta, suna ɗaukar hoton kaya da lambar mota su tura wa mai saye da lambar direba. Tun kafin a biya ake gama magana: wa zai biya kuɗin mota, a wace tasha za a karɓa, in galan ɗin mai ya fashe a hanya asarar wa. Yawancin rigingimun da ake kira damfara a nan suke farawa, ba wanda ya yi niyyar cuta, magana ce ba a yi ba. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita dubu ne, shi ya sa busassun kaya suka fi dacewa da wannan ciniki: kilishi, zoɓo, dabino, kifin banda, yaji, huluna, takalman fata. Ɗanyen tumatir na Kwanar Gafan yana da tsohuwar hanyarsa ta tirela da dillalan kasuwar Mile 12 ta Legas, sitatus ba zai maye gurbinta ba.

Tallar biya a Facebook ana iya yin ta da naira, a zaɓi garin da ake so ta bayyana. Tana aiki, amma tana cin kuɗi shiru, kuma tallar kayan da ba ka shirya kaiwa ba neman suna ne mara kyau da kuɗinka. Sayen mabiya kuwa zubar da kuɗi ne, ba mutane ba ne, ba sa sayen ƙuli-ƙuli.

Websayit yana da ranarsa. Ƙungiyar manoman riɗi ko zoɓo da ke son magana kai tsaye da masu fitar da kaya waje tana buƙatarsa, domin kamfani kan duba shafi da adireshin imel mai sunan ƙungiya kafin ya amsa. Haka mai injin da ke neman kwangilar kai shinkafa makarantu ko otal. Abu uku ake biya a ciki, kuma masu ginawa sukan dunƙule su a farashi guda don kada a gane. Akwai sunan shafin, wato domen, irin mai ƙarewa da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ana saye da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Akwai hostin, wato kuɗin kwamfutar da ke ajiye shafin dare da rana. Sai ladan wanda ya gina. Na ukun sau ɗaya ake biya, na farko da na biyu duk shekara ake sabuntawa, in aka manta shafi ya ɓace, daga baya wani ma ya iya saye sunan. Wanda ke son a biya shi da kati ba tare da wannan ɗawainiya ba, Paystack da Flutterwave suna ba da shafin biya da ƙaramin kanti ba kuɗin buɗewa, suna cire kasonsu daga kowane ciniki.

Idan an yanke shawarar ginawa, kafin a biya cikon kuɗi a zauna da mai aikin a duba abu uku da ido. Da sunan wa da imel ɗin wa aka yi rajistar domen, domin da yawa da nasu suke yi, shekara na zagayowa su faɗi farashin da suka ga dama. Sannan a karɓi lambobin sirrin shiga, a gwada su a wayar mai sana'ar, a sauya su a nan take. Sai a buɗe shafin da sabis ɗin ƙauyen, ba da na ofishinsa a Kano ko Dutse ba, a ga ko yana buɗewa kafin data ta ƙare. Ranar ƙarewar domen da hostin kuma a sa ya rubuta ta a jikin rasit.